Hanyar Dutsen da Ban Ƙarasa Ba

Paris, ranar Lahadi da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Rakiya, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan zamanki a Bron. Yaya sanyin Lyon, yaya karatu, yaya gajiyar zirga-zirga safe da yamma? Allah ya tsare min ke a ɗaki da kan hanya, ya ba ki abin da kika je nema. Mu nan lafiya lau. Mamanki ba ta san ina rubutun nan ba, tana tsammanin aikin labo, ɗakin bincikenmu, na kawo gida.

Kin san ni da salula. In na kira ki, daga ina kwana sai ya karatu sai ga mamanki. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda, domin maganar ranar Talata ta hana ni sukuni. Kin ce a hutun nan za ki tuƙa motarki ki hau dutse wasan ski, sulɓin nan na kan ƙanƙara, ke da ƙawayenki biyu. Na ce ban yarda ba. Kika ce "To, Baba" da wata irin murya wadda da ma gardama kika yi min da ya fi min sauƙi. Tun ranar ba ki sake tambayata komai ba, ko yadda ake cika takardar haya da kika ce za mu duba tare. Na ce miki hatsarin hanya nake tsoro. Gaskiya ne, amma rabin gaskiyar ke nan. Ragowar kishi ne, kuma gara ki ji shi daga bakina.

Tun kafin ki kira ni, mamanki ta riga ta fesa min labari tana zuba miya. Wai kin je Vénissieux wajen Tontonki Salisu, abokin nan nawa, kin tambaye shi wane dutse ya fi dacewa da mai koyo, har ya yi alkawarin koya miki ɗaura sarƙar taya a filin ajiye motoci na ƙasan gidansu. Da fara'arta ta faɗa, ta ƙara da cewa ai an dace, Salisu ya san dutsen nan kamar yunwar cikinsa. Tuwon ranar bai wuce min ba. Ni na haife ki. Ni na zauna gefenki wata da watanni kina koyon tuƙi a cunkoson Paris, ina taka birkin da babu shi a ƙarƙashin ƙafata har kika samu permi, lasisinki na tuƙi. Amma da maganar dutse ta taso, sai aka tsallake ni aka tafi wajen Salisu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kin yi daidai, kuma yau zan gaya miki dalili.

Tun ba a haife ki ba, muna samari a Lyon, ni ina jami'a, Salisu kuwa ya riga ya ajiye karatu yana tuƙa motar raba kaya ta wani sito. Garinmu ɗaya, unguwarmu ɗaya a Maraɗi, ɗakinmu ma ɗaya a lokacin. Sai ga mamanki ta zo karatu. Ba sai na yi miki dogon bayani ba, mu biyun duka muka riƙa zuwa gaishe ta fiye da yadda gaisuwa ke buƙata. Wata rana ta ce tana son ta ga inda mutane ke sulɓi a kan ƙanƙara da idonta, ba a talabijin ba. Ina da wata tsohuwar mota da na karɓa hannun wani ɗalibi mai komawa gida. Kafin Salisu ya buɗe baki na ce ni zan kai ta. Muka shirya mu huɗu, da wata ƙawarta.

Kuskurena na fari tun a ɗaki na yi shi. Salisu ya ce mu je wani ɗan ƙaramin wuri ta wajen Chartreuse, tafiyar awa ɗaya da rabi, yana kai musu kaya, ya san kowace kwana ta hanyar. Ni kuwa na zaro wata takardar talla mai sheƙi, na nuna wani ƙaton wuri can cikin Savoie, inda gwanayen duniya ke zuwa, tafiyar fiye da awa uku. Na ce wanda zai ga dutse ya ga dutse na gaske. Rakiya, ba dutsen nake so ba. Da Salisu ya ce nesa, da na ce kusa. Ban taɓa ɗora ƙafa a kan ski ba, mamanki ma haka, ɗan tudun da yara ke wasa a kai ya ishe mu yini guda.

Don haka ki zaɓi wuri daidai ƙafarki da motarki, ki bar sunansa. Mai koyo ba ruwansa da tsayin ƙololuwa, gangara mai laushi yake nema da malamin da zai riƙe shi awa biyu. In kina gwada wurare biyu, kada ki dubi yawan kilomita. Otorut, babbar hanyar nan shimfiɗaɗɗiya, kowa ya iya ta. Ki dubi guntun ƙarshe, daga inda aka bar kwari aka fara hawa: tsawonsa, yawan kwanoninsa, da ko akwai gefen da za a iya tsayawa. Wurin da ke kusa kuma yana da nasa aibin, don ba shi da tsayi, wani lokaci sai ki je ki tarar da ciyawa da taɓo. Yanzu suna sa kyamara ana ganin filin a salula, ki duba da jajibiri, ki sake dubawa da safe. A zamaninmu sai dai a je a gani, mu kuwa ko ganin ba mu yi ba.

Ranar Asabar muka tafi, Asabar ɗin hutu, ranar da rabin ƙasar nan ke hawa rabi na sauka. Salisu ya ce mu tashi da an sallame asuba. Ni na ɓata safiyar ina wanke mota, ina goge ta da tsumma, don mamanki ta shiga ta ji ƙamshi. Sai hantsi muka bar Lyon. Bayan Chambéry muka shiga jerin motoci mai tafiyar hawainiya, motar da na goge ta koma kalar laka. Ke kada ki je Asabar in da hali. Ki tashi da asuba, ki cika tanki tun a kwari, kuma ki sa a ranki cewa da la'asar kina kan hanyar sauka. Rana na faɗuwa bayan dutse da wuri, kuma da inuwa ta rufe kwalta, ruwan da ya narke da rana sai ya koma gilashi. Ko ƙawayenki sun ce saura sulɓi ɗaya, ke ce mai makulli.

A gindin dutse muka tsaya sallar azahar. Gilashin gaba ya yi dusu-dusu da gishirin da ake watsawa a hanya, ruwan goge gilashi kuma ya daskare a tankinsa, don ruwan famfo na zuba masa. Sai na ga sauran ruwan alwala a buta. Na kwarara shi a gilashin, na shafe da hannu, na shiga ina jin kaina mai dabara. Ba mu yi nisa da hawa ba gilashin ya yi fari fat, ba na ganin ko hancin motar. Salisu ya fita da kwalin kaset ya kankare, ya koma mazauninsa. Da ya zage ni da na samu abin ramawa. Ki sayi ruwan gilashi na sanyi wanda ba ya daskarewa, da ɗan abin kankara na roba, ki bar buta ga aikinta.

Yanzu ga babban. Kin san kakanki direban babbar mota ne, tsakanin Maraɗi da Dakoro, tun hanyar tana rairayi zalla. Na taso ina jin dokarsa: in rairayi ya kama ka, rage wa taya iska, ka ba mota wuta, kada ka kuskura ka tsaya. Da muka kai inda ƙanƙara ta rufe kwalta, taya ta fara juyawa a banza, na dubi farin nan shimfiɗe, na ce a raina ai rairayi ne mai sanyi. Na fita na durƙusa ina sace iskar taya ɗaya bayan ɗaya da tsinken ashana.

Salisu ya leƙo ya ce, "Lawali, mi kake yi haka? Wagga ba hanyar Dakoro ba ce. Ga sarƙa nan cikin but, mu ɗaura."

Na ce, "Kai dai zamna ka sha kallo. Mu ɗiyan direbobi ne."

Na faɗa da ƙarfi don mamanki ta ji. Na shiga na ba mota wuta. Ta yi gaba kuwa, har na fara murmushi. A kwana ta biyu na juya sitiyari, motar ta ƙi juyawa. Na danne birki iya ƙarfina, sai bayanta ya zagayo gaba a hankali, ba ƙara ba komai, ina riƙe da sitiyarin da ba ya jin maganata. Mamanki na salati, ƙawarta ta ƙanƙame ta. Muka tsaya da gindin motar cikin tulin ƙanƙara ta gefen dutse. Ɗaya gefen rami ne, da ɗan shingen ƙarfe wanda bai kai gwiwata ba. Da can muka yi, da babu ke.

Uwata, ki riƙe wannan ko kin manta sauran. Rairayi ƙarfi yake so, ƙanƙara lallashi. Ki taka wuta a hankali, ki taka birki a hankali, ki juya sitiyari a hankali, kuma kada ki haɗa biyu a lokaci ɗaya. Ki rage gudu tun kafin kwana, ba a cikinta ba. Ki bar tazara mai yawa tsakaninki da na gaba. In 'yan garin suka taru a bayanki suna matsa miki, ki samu gefe mai faɗi ki ba su hanya, su a nan aka haife su, ba gasa kuke ba. In kin ga motar share ƙanƙara, ki bi bayanta ki gode wa Allah. Wajen sauka kuma ki sa giya ta biyu injin ya riƙe ki, kada ki kwanta a kan birki. Iskar taya kuwa ki bar ta yadda mai garaji ya sa.

Kina tsammanin na saduda? Ina. Sarƙar nan Salisu ne ya matsa min na saya, ban taɓa ko buɗe jakarta ba. Na ce ni zan ɗaura. Na zazzage ta a kan ƙanƙara, ta fito a cukurkuɗe kamar hanjin akuya. Ba safar hannu, takalmina na zuwa biki ne. Na nufi tayoyin baya, don motocin da na sani a gida baya ne ke tura su. Salisu ya ce wannan gaba ke jan ta. Na yi kamar ban ji ba. Na fi rabin awa ina fama, yatsuna suka mutu, na ɗaura ɗaya a karkace. Sai ya tuɓe rigar sanyinsa, ya miƙa wa mamanki ta riƙe masa, ya kwance abin da na yi, ya ɗaura a gaba, duka biyun, kafin in gama hura hannuna. Mamanki ta ce:

"Kai, Salisu, Allah shi yi ma albarka. Hannunka da sauri."

Magana ce ta ladabi, ko wa ya yi aikin haka za ta ce masa. Amma ni na ɗauke ta na ajiye, kuma shekarun nan duka ba ta ruɓe ba.

Ki bar shi ya koya miki, ya iya. Ki ɗaura ki kwance a filin gidansu har sai hannunki ya haddace, sannan ki sake yi da safar hannu, don a can da ita za ki yi. Motarki gaba ke ja, na duba littafinta tun ranar da kika saye ta. Ki ɗauki kwali na durƙusawa. Ki ɗaura a wurin da aka ware don haka tun ba ki maƙale ba, ki ɗan yi gaba kaɗan, ki tsaya ki ƙara tamkewa. Da sarƙa ba a gudu, kuma da baƙin kwalta ya bayyana ki cire ta. Yanzu ma doka ce a garuruwan dutse lokacin hunturu, ko tayar sanyi ko sarƙa a mota, jandarma na iya mayar da ke.

Mu ma jandarma ne suka ƙarasa mana tafiyar. Suka tsaya, ɗaya ya dubi tayoyin da suka lotsa, ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Su ukun duka suka juyo da ido kaina. Ya ce sarƙa ba za ta zauna a tayar da ba iska ba, mu juya mu sauka a hankali zuwa garajin ƙauyen ƙasa. Ya tambayi wa ya saba da hanya. Salisu ya karɓi makulli. Mamanki ta koma gaba don jiri na ɗibarta a baya. Ni na zauna a kujerar baya ta motata, ina kallon ƙeyarsu su biyu har Lyon. Daidai inda muka juya akwai allo mai nuna saura 'yan kilomita kaɗan a isa.

Ni ta aura daga baya, kin sani, tunda ga ki. Na taɓa tambayarta dalili, ta ce in daina neman magana. Ai ya kamata in huce tun lokacin. Ban huce ba. Salisu ya yi aure, ya riƙa kai 'ya'yansa dutse duk hunturu, yana turo hotuna a zauren 'yan gida na salula. Ina buɗe su a labo in ba kowa, in ƙara musu girma, in dubi yaran da jajayen huluna suna dariya, in rufe ban rubuta ko masha Allah ba. Na yi digirin da bai yi ba, na zauna Paris, ana kirana dokta a taron suna. Duk da haka mutumin nan ya fi ni abu ɗaya, kuma ɗayan nan nake gani.

Da a kaina abin ya tsaya, da sauƙi. Kin tuna shekarar da kike ajin ƙarshe na firamare, aka ce ajinku zai tafi dutse mako guda? Kin kawo min takardar da biro a hannu, kin riga kin rubuta sunana da kanki, sa hannu kawai ya rage. Na ce abincinsu ba halal ba ne. Malamarku ta aiko cewa an tanadi na yaran Musulmi. Na ce sanyi zai kama miki ƙirji. Mamanki ta ce ƙirjinki lafiya lau. Na ce na gama magana. Ajinku ya tafi, ke kika yi makon a ajin ƙananan yara, a kujerar da ta yi miki kaɗan. Da suka dawo da 'yan lambobin yabonsu a ƙirji, kin ce min ba ki damu ba, kuma na yi kamar na yarda. Ba abinci ba ne, Rakiya, ba ƙirji ba ne. Ba na son ki dawo da labarin wurin da ya kunyata ni, ki riƙa faɗa a kan tebur ina saurare. Na fake da addini da lafiyarki na kare kunyar yini ɗaya. Wannan shi ne mafi muni cikin duk abin da na lissafa miki, kuma ranar Talata na ji kaina ina sake shi, da murya iri ɗaya. Ki yafe min.

Nasihar da zan ɗora a kan wannan gajera ce. Wata rana za ki samu waɗanda ke ƙarƙashinki, 'ya'ya ko ma'aikata. In kika ji bakinki ya yi saurin cewa a'a, ki tsaya ki tambayi kanki wa kike karewa. In su ne, ki tsaya a kan a'arki. In ke ce, ki haɗiye ta.

Na janye maganata. Ki je. Ki je wurin da Salisu ya zaɓa miki, na san ƙaramin nan ne na Chartreuse, kuma shi ne daidai, yau da wancan lokacin. Ki ɗauki malami ranar farko, kada ki yarda ƙawa ta koya miki. Ki sa tabarau, hasken ƙanƙara na cin ido, kuma kada ki ce baƙar fata ba ta ƙuna, ki shafa man. Ki yi guzurinki daga gida, ki haɗa azahar da la'asar in lokaci ya ƙure, ke matafiya ce. In sama ta rufe da safe, ki fasa, dutsen ba ya zuwa ko'ina. Ki gaishe min da Salisu. Ki ce na gode, a taƙaice, kada ki ƙara masa gishiri, kansa ya isa girma haka.

Ba zan ɓoye miki ba, ke ma ina kishinki. Za ki tsaya a saman nan da ƙafarki, ki ga abin da ni hotonsa kawai na sani. Na kusa ritaya a ƙasar nan, ban taɓa ganin inda hanyar dutse ke ƙarewa ba. Don haka ina da roƙo, kuma ban saba roƙon 'ya'yana ba. Ki je da ƙawayenki, ki koyi hanyar sarai. In kin iya ta, kafin ƙanƙara ta narke, ki sa min rana in shigo jirgin ƙasa zuwa Lyon, ki ɗauke ni ki kai ni. Ba zan yi ski ba, gwiwata ba za ta yarda ba. In sauka daga mota a can sama kawai, in tsaya, in duba. Ba zan taɓa sitiyari ba, ba zan ce miki rage ko ƙara ba. Salisu ma in ya ga dama ya zo, amma wannan karon shi ne a baya.

Allah ya kai ki lafiya, ya sauko da ke lafiya. Ya riƙe tayarki a kwana, ya buɗe miki ido inda hazo ya rufe, ya tsare waɗanda kika ɗauka da waɗanda za ki gamu da su. Ki yi addu'ar hawa mota kafin ki tayar, ni ma zan yi miki daga nan. Na ba Allah ajiyarki.

Ina jiran ranar.

Babanki,
Lawali